Kujerar Mai Zaman Banza

Ranar Laraba ce, rana ta yi ja ta sauka bayan rufin gidajen unguwar Maamobi, hayaƙin masu tuyar kifi ya kwanta cikin lungu ya ƙi tashi. Fatu tana tsakar gida tana tuƙa tuwo. Ladanin masallacin bakin titi yana gyaran murya a lasifika. A ƙofar gida kuwa, ƙarƙashin rumfar kwano, mijinta Alhaji Wahab yana durƙushe cikin motarsa, ƙafafu a waje, yana zagin wani noti.

Alhaji Wahab mai sayar da kayan mota ne a kasuwar Abossey Okai. Mutum da furfura a gemu, da 'ya budurwa a gida, amma ya tashi ya sayo mota ja mai ƙofa biyu da kujera biyu, gajeriya har bakin gota, wato kwatar ruwa, yana goge mata ciki. Ba ta ɗaukar buhun shinkafa, ba ta kai mara lafiya asibiti, abin da ta iya kawai ihu da gudu. Wannan bai ishe shi ba. Sai da ya ga yaran da suke taruwa da motocinsu a bakin teku ran Lahadi sun sa kujerun tsere, masu zurfin nan da suke kira bokiti, ya ce shi ma wallahi sai ya sa. Kujerun da motar ta zo da su daga kamfani lafiyarsu ƙalau, ya sa aka kwance su.

Wasiu ne ya yi aikin, wani dattijon makanike daga New Town wanda ya fi shekara ashirin yana taɓa motocin Alhaji. Shi ya nuna masa inda matsalar take. Makullin bel ɗin kujera, wato bakin da ake cusa ƙarfen bel ya ce ƙas, ba a jikin mota yake ba, a jikin tsohuwar kujera yake. In an sauya kujera, dole a cire shi a ɗaura a ƙarfen sabuwar, kuma da notinsa na kamfani, mai tauri, wanda aka yi don ya riƙe mutum ranar da mota ta tsaya shi bai tsaya ba. Na ɓangaren direba ya ɗauru lafiya. Da aka zo ɗaya ɓangaren, notin ya suɓuce daga hannun Wasiu, aka ji ƙararsa a siminti sau ɗaya, daga nan ba a sake ganinsa ba. Sun duba ƙarƙashin mota, sun haska gota, babu.

"Alhaji, mu bari gobe," in ji Wasiu. "Irinsa yana shagonka ma. Ka kawo, minti biyar na ɗaura."

"Gobe ina Tema, jibi Juma'a. Yau za a gama."

Alhaji ya shiga gida, ya kwanto noti daga gindin wata matacciyar fanka, ya miƙa masa. Wasiu ya juya shi a tafin hannu, ya mayar.

"Ei, Alhaji! Wannan na fanka ne. Birki ɗaya mai ƙarfi zai tsinke. Kai ma ka sani, sana'arka ce."

"Kai, rabu da ni! Nawa ɓangaren ya ɗauru. Wancan ai kujerar mai zaman banza ce."

Haka ake kiran kujerar gefen direba, kowa yana faɗa da wasa. Amma Wasiu bai yi dariya ba. Ya tattara sifanunsa ya ce hannunsa ba zai ɗaura wannan ba, ya tafi salla. Alhaji ya ɗaura da kansa. Da ya ga kan notin yana ƙyalli fari a tsakanin baƙaƙe, ya lakato baƙin fenti ya shafa masa. Ku ji fa, har da fenti! Wanda bai san ya yi laifi ba, me zai kai shi neman fenti?

Tsohuwar kujerar direba ya ajiye zai kai shago. Ɗayar tana da 'yar yagewa a gefe, sai ya ɗauke ta daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya, ya nufi bayan banɗaki da ita.

"Baban Hafiza, magariba ce," Fatu ta ce daga bakin murhu. "Ko bismilla ka yi."

Bai yi ba. Ya wurga ta inda ruwan wanka yake gangarowa, ta faɗi a kife cikin caɓi.

Hafiza ita kaɗai Allah ya ba su. Shekararta goma sha tara, ta sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya a garin Koforidua, kuma takardar ta ce duk wadda ba ta isa ran Asabar ta sama ba an ba wata gurbinta. Sau biyu tana nema kafin ta samu. Uban ya riga ya gaya wa duk layin shagonsu cewa shi zai kai ta da kansa, a jar motar, ta kan dutsen Aburi. Da ta idar da salla ta fito ta ga sababbin kujeru, ta yi tsalle.

"Baba, wannan fa ya yi! Bari in gwada wurina."

Ta shige, kujerar ta haɗiye ta har kafaɗa. Ta jawo bel ta cusa, ya ce ƙas. Ta ɗaga waya za ta ɗauki kanta hoto. Uban yana tsaye a bakin ƙofar motar yana goge fenti a yatsa, bai ce mata komai ba.

Wayar ce ta fara faɗuwa. Sai yarinya ta miƙe zaune cak, bayanta ya manne, hannunta na dama ya dunƙule. A lokacin motar ta soma ƙara, ƙarar nan da take yi in mutum ya zauna bai ɗaura bel ba: ting, ting, ting. Makullin motar yana aljihun Alhaji. Wayar lantarkin da take sanar da motar cewa akwai mutum a kujera kuwa tana reto a ƙasa, ba a haɗa ta da komai ba, don sabuwar kujera ba ta da wurinta.

Da ƙyar suka zare ta, suka kai ta ɗaki. Ta ƙi kwanciya. In an kwantar da ita sai ta tashi zaune a gefen katifa, gwiwoyi a haɗe, ido a gaba, kamar wadda take cikin tafiya. Numfashinta gajere. Da Fatu ta cire mata riga za ta shafa mata ruwa, sai ta ga wani jan layi mai faɗin yatsa uku ya taso daga kafaɗar dama ya ratsa ƙirji ya sauka a ƙugun hagu. Fatu ta yi salati ta rufe ta. Hannun da ya dunƙule kuwa, mutum biyu sun gwada buɗe shi sun kasa.

Washegari suka kai ta asibiti. An auna jini, an ɗauki hoton ƙirji, likita ya ce bai ga komai ba, a bar ta ta huta. Suka dawo da ita zaune yadda suka kai ta.

Daga ranar, gidan ya san magariba. Da rana shiru, kaji suna kiwo, Hafiza tana karɓar koko cokali biyu uku. Amma da inuwar katanga ta kai bakin randa, sai iska ta tsaya, sai motar ta soma: ting, ting, ting. Alhaji ya cire kan batir, ba ta daina ba. Ya ciro batir ɗin gaba ɗaya ya ajiye a falo, ba ta daina ba. Sannan a fara jifa a kan kwano. Maƙwabta sun ɗauka duwatsu ne, sai da Fatu ta share tsakar gida da safe ta tara su a kwanon sha. Ba dutse ko ɗaya, notina ne, farare, ƙanana, duk irin na fanka.

Ta kai masa kwanon ta dire a gabansa.

"Me ka yi a motar nan?"

"Me na yi? Hassada ce. 'Yan layinmu ne, sun ga na fi su."

"Ka kira Wasiu."

"Wasiu malami ne?"

"To ka kira malami!"

Ya ƙi. Ya ce ba zai tara wa kansa jama'a a ce gidan Alhaji Wahab akwai aljanu ba. Ran Lahadi ma, 'yarsa tana zaune ba ta san inda take ba, mutumin nan ya mayar da batir, ya wanke mota, ya tafi bakin teku aka yi ta ɗaukar kujerunsa hoto. Ina faɗa ne raina yana ɓaci. Kwana takwas yarinyar nan ta yi a zaune, ƙafafunta suka kumbura, layin ƙirjinta ya koma baƙi, akwatinta na makaranta yana jingine a bango da farin takalmi a kai.

Ran Alhamis, saura kwana biyu, Fatu ta daina neman izini. Ta yafa mayafi ta shiga unguwar Nima ta zo da Malam Alu, wani tsoho siriri mutumin Nijar, wanda ba ya ɗaga murya ko a kan yaran da suke buga ƙwallo a ƙofarsa. Ta kuma aika aka kira Wasiu. Bayan la'asar suka iso. Alhaji ya dawo daga shago ya tarar da su, ya buɗe baki, Fatu ta dube shi, ya rufe.

Malam ya sa aka fito da Hafiza tsakar gida aka zaunar a kan tabarma. Ya yi alwala, ya zauna gabanta, ya soma karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Inuwa ta tafi ta kai bakin randa. Kajin suka shige akurki da kansu. A waje motar ta soma ƙararta, noti ɗaya ya faɗo a kwano ya gangaro, sannan komai ya yi tsit.

Hafiza ta juyo da kai. Muryar da ta fito ba tata ba ce, ta wani tsoho ce, busasshiya. Kuma yarinyar da ba ta iya jera magana uku ba ta sa Turanci ko yaren Twi a ciki ba, sai ga Hausa tsantsa tana fita daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, kuma ba ni ne mai laifi ba."

"Wane ne kai?"

"Tambayi mai gidan. Shi ya raɗa mini suna. Mai zaman banza."

Alhaji ya ja da baya har ya taka buta.

"Me ya haɗa ka da yarinyar nan?" in ji Malam.

"Shekara goma sha ɗaya ina cikin kujerar nan. Da ita na ƙetaro teku. Na yi wata huɗu a tashar jirgin ruwa rana tana dukana, ban taɓa kowa ba. Mutumin nan ya yi shekara biyu yana tuƙi da ni a gefensa, ko tayarsa ban taɓa sacewa ba. Ya ɗauke ni da magariba, ba sallama, ba sunan Allah, ya kife ni a ruwan wankansa. Na taso na koma mota, na tarar da wani bokiti. Ina zaune a takure, ita kuma ta zo ta zauna a kaina. To na sami kujera."

"Ba ta san kana nan ba. Ka ji tsoron Allah ka sake ta."

"A mayar mini da tawa inda take, a ɗaure ta yadda aka same ta."

Malam ya dubi Alhaji. Abu mai sauƙi, ko ba haka ba? Kujera tana nan bayan banɗaki, makanike yana tsaye. Wani uban da gudu zai tafi. Amma Alhaji Wahab sai ya gyara tsayuwa.

"Malam, a roƙe shi mana. Mota ɗaya kujera iri biyu, ai sai a yi mini dariya a Abossey Okai. Zan wanke masa tsohuwar, in sa masa a ɗaki, har turare..."

"Baban Hafiza!" Fatu ta daka masa tsawa. "Dariya? Dubi ƙafafun 'yarka!"

Abin da yake bakin Hafiza ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. Layin ƙirjinta ya motsa a ƙarƙashin riga kamar an ja shi, numfashinta ya sarƙe, idanunta suka firfito. Malam ya ɗaga karatu, a karo na farko muryarsa ta fita waje.

"Sassauta mata! Na haɗa ka da wanda ya halicce ka!"

Ya sassauta. Yarinyar ta ja iska da ƙyar.

"Kai kake ganin ni ne zan kashe ta, Malam," in ji muryar. "Ni ba ruwana da ita, ba sonta nake ba. Amma ni ban taɓa ɗaure ɗan wani da notin fanka ba. Ran Asabar zai hau dutse da ita. Na san tuƙinsa, na san kwanar da yake shiga ba ya rage wuta. Ka ce ya je ya zauna a wurin mai zaman banza, ya ɗaura bel, ya fizga. In ya riƙe shi, na bar masa yarinya da bokitinsa, na tafi ba sharaɗi."

Fatu ta juya ta dubi Wasiu. Wasiu ya sunkuyar da kai.

"Tashi, Alhaji," in ji Malam.

Suka fita ƙofar gida, aka bar Fatu riƙe da 'yarta, tana hango su ta ƙofar zaure. Alhaji ya buɗe ɓangaren da bai taɓa zama ba, ya cusa jikinsa cikin bokitin, motar ta sake soma ƙararta. Ya jawo bel, ya ce ƙas, ƙarar motar ta tsaya. Ya ɗan ja shi da yatsa biyu, ya dubi Malam.

"Ga shi, ya riƙe."

"Ba haka ba, Alhaji," Wasiu ya ce a hankali. "Yadda birki yake yi."

Ya zagaya, ya kama bel ɗin daga ƙasa kusa da makulli, ya dafa ƙafa a bakin ƙofa, ya fizga da ƙarfinsa na tsoho. Fizga ɗaya. Aka ji ɗas, makullin ya taso gaba ɗaya ya bugi Alhaji a haɓa, Wasiu ya faɗi zaune. Rabin notin ya gangara kan siminti ya tsaya a gaban takalmin Malam. Malam ya ɗauka. Kansa baƙi, cikinsa fari fat inda ya karye. Ya murza shi, fentin ya fito a yatsansa. Ya shiga gida ya sa shi a hannun Fatu.

Ba wanda ya sake yi wa Alhaji magana. Da kansa ya tafi bayan banɗaki, da farar rigarsa ta shadda, ya durƙusa a caɓi, ya yi bismilla, ya rungumo kujerar. Ya wanke ta a bakin famfo. Wasiu ya kwance bokitin, suka mayar da tsohuwar a kan ƙarfenta, ana ta kiran salla ba su ɗago ba. Da aka zo ɗaura makullin bel, Wasiu ya tsaya.

"Noti fa? Shago ya rufe."

Daga tsakar gida Fatu ta yi ƙara. Hannun Hafiza, wanda ya kwana takwas a dunƙule, yana buɗewa yatsa ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar tafin, cikin shatin da ya huda fata, ga notin kamfani, baƙi, mai nauyi.

Wasiu ya karɓa da bismilla ya ɗaura, ya ja sifana har sai da ta ƙi tafiya.

"Saura ɗaya," in ji muryar, ta yi ƙasa yanzu. "Duk ranar da ya tayar da motar nan, ya ɗaura mini bel da hannunsa kafin ya ɗaura nasa."

"In ya yi, ba za ka sake taɓa kowa a gidan nan ba?" in ji Malam.

"Ba zan sake ba."

"Ka yi alkawari da sunan Allah, ka fita ta inda ka shiga."

Ya yi. Hafiza ta yi atishawa sau uku, bayanta ya saki, ta zube a jikin uwarta. A waje kujerar da aka wanke ta ɗan nutsa, kamar an zauna.

Ran Juma'a Hafiza ta wuni tana barci a kwance. Da ta farka ta ci tuwo, ta taka ƙafa, layin ƙirjinta ya dushe. Ba wanda ya gaya mata abin da ya faru, ba a kuwa buƙaci a gaya mata ba. Ta ce duk abin da aka faɗa da bakinta tana ji, amsawa ce kawai ta kasa.

Ran Asabar da hantsi Alhaji ya goge mota, ya ɗauko akwatinta zai ɗaura a baya. Ta fito da farin takalminta a leda, ta tsaya a gabansa. Rabin notin nan mai fenti, da ta karɓa wurin uwarta, yana hannunta.

"Baba, lokacin da na ce bari in gwada wurina, kana tsaye."

"Hafiza, ai yanzu an gyara. Wasiu da kansa..."

"Ka sani a lokacin?"

Ya dubi Fatu, Fatu ta kawar da kai. Ya dubi motar. 

Ta sa masa notin a tafin hannu, ta karɓi akwatinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, ta durƙusa ta yi masa sallama yadda ake yi wa uba. Ita da uwarta suka bi lungu suka fita titi, suka tare trotro, motar haya, zuwa tasha. Ta isa Koforidua kafin la'asar, ba ta rasa gurbinta ba.

Shekara uku ke nan. Ta kusa gama karatu, tana zuwa hutu, tana gaishe shi, tana wanke masa kaya, amma ko ƙofar motar nan ba ta sake taɓawa ba, Fatu ma haka. 'Yan Abossey Okai sun yi dariyar kujera iri biyu har sun gaji. Kullum da safe in ka bi ta Maamobi za ka gan shi ƙarƙashin rumfa, ya shiga, ya miƙa hannu ta kan kujerar da ba kowa, ya jawo bel ya cusa, ya ce ƙas, sannan ya ɗaura nasa ya tafi shi kaɗai.